Na Hana Mahaifiyata Rawar Da Ke Riƙe Da Ita

A lokacin da abin nan ya faru ina da shekara talatin da takwas, ina koyarwa a wata makarantar sakandaren 'yan mata a cikin garin Sakkwato, kuma ni ce malamar da aka ɗora wa kula da tarbiyyar ɗalibai. Mijina ma'aikacin gwamnati ne, muna zaune a wani gida mai get a bayan Sama Road tare da 'ya'yanmu huɗu. Mutane suna yaba mini da kamun kai, ni kuma na riƙe yabon nan kamar shi ne dukiyata. Ba na dariya da ƙarfi, ba na daɗewa a gidan biki, kuma babu abin da nake tsoro kamar a ce ga abin da wani nawa ya yi na zubar da mutunci. A Gawon Nama aka haife ni, a gidan ƙasa, mahaifiyata tana tuyar masa a ƙofar gida, da ita ta kai ni har na gama karatu. Amma da na samu ilimi sai na riƙa ganin kamar ni ce aka aiko in gyara mutanen gidanmu. Na rubuto muku wannan ne saboda abin ya daɗe yana ci na, kuma ban iya faɗa wa kowa shi baki da baki ba.

Mu uku Inna ta haifa. Ni ce babba, sai ƙanena da ke aiki a kudu, sai autanmu wanda ya zauna tare da ita tun bayan rasuwar mahaifinmu. Shekararsa ashirin da huɗu, yana noman shinkafa a fadamar Wamakko. Shi ne mai sa ta dariya. Idan ya dawo daga gona yakan shigo yana ƙwala mata kira tun daga zaure, ya ce ina amaryarsa, ita kuma ta ɗauki mafici ta bi shi da duka tana cewa ba ta son talakan miji. Wata damina ruwa ya cika gulbi, ya shiga kwalekwale tare da wasu manoma za su haye, kwalekwalen ya kife a tsakiya. Sai bayan kwana biyu aka samu gawarsa.

Inna ba ta yi kuka ba. Masu zuwa gaisuwa suna ta yaba tawakkalinta, ni ma ina jin daɗin yabon, ina cewa a raina haka ake son uwa ta gari. Da aka watse daga zaman makoki ne abin ya fara bayyana. Ta daina tuya. Ta daina fita ko ƙofar gida. Takan shimfiɗa tabarma ta zauna tana kallon ƙofar ɗakinsa tun hantsi har rana ta juya. Ba ta wanka sai an ce ta yi, abinci kuwa sai ta sa hannu sau biyu ta ture kwanon. Salla kawai ke tayar da ita, tana idarwa ta koma inda take. Ina zuwa duk ranar Asabar da lemo da kankana da maganin ƙarin jini, in zauna in yi ta yi mata nasiha a kan haƙuri, kamar ina gaban ɗalibai. Takan ce to, ta gode, Allah ya yi mini albarka. Haka muka yi wata biyar, tana ta ramewa a gabana.

Can sai na ga ta fara sauyawa. Wata Asabar na tarar ta yi kitso. Wani satin na samu tanda a kan wuta, tana juya masa, har ta tambaye ni dalilin da ban zo mata da jikokinta ba. Ta fara cin abinci, ta fara amsa magana da fiye da kalma ɗaya. Na yi murna sosai, kuma na ɗauka nasihata ce ta shige ta. Har na faɗa wa mijina cewa da sannu magana mai kyau takan yi aiki. Ban taɓa tambayarta abin da ya canza ba.

Na gane dalilin ne a ɗakin malamai. Wata abokiyar aikina ta miƙo mini wayarta tana murmushi, ta ce ko wannan ba Innata ba ce. Ba da mugun nufi ta yi ba, har cewa ta yi tsohuwar ta burge ta. Bidiyo ne gajere da wata ta ɗauka a ɓoye, ya bi wayoyin matan unguwa har ya zo hannunta. Mata ne kamar goma sha biyar a tsakar wani gida, wasu suna kiɗan ƙwarya, wasu suna tafi. A tsakiyarsu ga mahaifiyata, ɗankwalinta ya zame, gashinta fari a waje, idonta a rufe, tana juyi tana buga ƙafa a ƙasa, hannayenta suna tashi sama kamar ba nata ba. Ba rawar biki ba ce mai tsari. Rawa ce ta wanda ya manta akwai mutane. Malamai biyu suka leƙo suka yi dariya. Na ji kamar an tuɓe mini mayafi a tsakiyar kasuwa. Abin da ya fara zuwa mini a rai shi ne, ɗanta bai shekara a ƙasa ba, kuma ni ce mai hukunta ɗalibai idan an kama su suna rawa a aji.

Na yi bincike na gano cewa duk ranar Alhamis bayan la'asar suke taruwa a gidan wata tsohuwar ungozoma da ke bayan gidanmu na Gawon Nama, wadda muka tashi muna ce mata Gwaggo. Ita ce ta karɓi haihuwarmu duka mu uku. Ranar Alhamis ɗin da ta biyo baya na tashi daga makaranta na wuce can kai tsaye. An rufe ƙofar zaure, babu namiji ko ɗaya a ciki, na tura na shiga. Sun kife ƙwarya a cikin babban baho mai ruwa, mata biyu suna dukanta da ludayi, sautin yana fita da kauri har kana jin sa a ƙirji. Wata tana waƙa, sauran suna amshi. Akwai wadda ke rawa da goyo a baya, akwai wadda ta tsufa har ba ta iya miƙewa, tana zaune tana kaɗa kafaɗu. Babu mai kallon wata. Inna tana cikinsu, jikinta ya jiƙe da gumi, kuma tana dariya, dariyar da rabona da jin ta tun autanmu yana da rai. Da ina da hankali da wannan dariyar ta tsayar da ni. Amma ni sai ta ƙara mini fushi.

Na kira ta da ƙarfi, kiɗan ya tsaya. Na ce ta ɗauki mayafinta mu tafi. Gwaggo ta taso tana cewa in zauna in sha ruwa tukuna, ban ko kalle ta ba. A gaban matan nan duka na gaya wa mahaifiyata cewa ta kunyata mu, bidiyonta yana yawo a gari, mutane suna yi mana dariya. Sannan na faɗi maganar da har in mutu ba zan daina jin ta a kunnena ba. Na ce, “Ashe har kin manta da shi, Inna? Ruwa ya ci ɗanki, ke kuma kina nan kina rawa a kan ruwa.”

Ta tsaya tana kallona, numfashinta bai gama daidaita ba, sai na ga fuskarta tana rufewa a hankali. Ta sunkuya ta ɗauki ɗankwalinta ta ɗaura, ta yafa mayafi, ta bi bayana kamar ƙaramar yarinya. A hanya ne kawai ta yi magana, muryarta ƙasa ƙasa, ta ce, “Ki yi haƙuri, ban san abin zai taɓa ki ba.”

Cikin satin na kira ƙanena na gaya masa yadda na ga dama, ya goyi bayana. Na kwashe kayan Inna na dawo da ita gidana, na ce zaman kaɗaici ne ya sa take biye wa matan unguwa. Na gyara mata ɗaki mai fanka da talabijin da katifa sabuwa. Duk wanda ya zo yana sa mini albarka, ana cewa na cika 'yar halak. Ni da mijina muna fita tun safe, yara suna makaranta, sai a ja get a rufe. Unguwarmu ba irin Gawon Nama ba ce da za ka ji sallamar maƙwabciya ta kan katanga. Mutum yakan yini bai ji muryar kowa ba sai ƙarar janareto. A cikin wannan shirun na ajiye matar da ta yi shekara sittin tana rayuwa cikin mutane.

Ba a yi wata biyu ba ta koma yadda take, har ta fi da. Ba ta barci, ba ta cin abinci, ba ta son a buɗe labule. Jikokinta suna shiga su yi mata surutu, ta shafa kansu ta juya fuska bango. Hawan jinin da take da shi tun da daɗewa ya ƙi sauka. Na kai ta asibiti, aka tura mu wurin likitar da ke duba masu ciwon damuwa. Likitar ta yi mata tambayoyi a hankali, ta rubuta magani, sannan ta juyo gare ni. Ta ce maganin zai taimaka, amma ba shi kaɗai ba, ta tambaye ni ko akwai wani abu da tsohuwar take jin daɗin yi, ko wasu mutane da take sakewa da su, wani abu da ke motsa mata jiki ya fitar da ita daga ɗaki. Inna ta ɗago kai ta kalle ni. Na ce wa likitar babu, ita dai mace ce mai son zaman gida. Inna ta mayar da kanta ƙasa. Ƙarya na yi a gaban mahaifiyata, kuma ta rufa mini asiri.

Bayan wani lokaci Gwaggo ta zo duba ta. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ta hau a-daidaita-sahu tana tambaya har ta gano gidan. Ta daɗe a ɗakin Inna, da ta fito ta ce tana son magana da ni. Muka zauna a falo, ta ƙi hawa kujera, ta zauna a ƙasa. Ta ce ba ta zo faɗa ba, ta zo ne ta gaya mini abin da ban tsaya na ji ba. Ta ce taron nan ba na shagali ba ne. Ta fara shi ne shekarun baya da wasu mata uku da ta lura suna shanyewa bayan haihuwa ko bayan rashi, don ta ga a aikinta cewa akwai baƙin cikin da baki ba ya iya fitar da shi. Ta lissafa mini matan ba tare da ta kama suna ba. Akwai wadda 'yan bindiga suka kora daga ƙauyensu ta baro kabarin mijinta a can. Akwai wadda ta haifi 'ya'ya uku babu wanda ya zo da rai. Akwai wadda ɗanta ya tafi ci-rani shekara bakwai babu labari. Dokarsu ɗaya ce, ba a tambayar kowa abin da ke damunta, kuma ba a gyara wa kowa rawa. Wadda ta ɗauki bidiyon baƙuwa ce, kuma tun ranar suka hana shiga da waya.

Ta ce sau huɗu tana jan Inna zuwa wurin tana zama a gefe kamar dutse. A zuwa na biyar ne ta miƙe da kanta. Ta yi ta juyi har ta faɗi a kan gwiwoyinta, sai kuka ya ɓalle mata, tana kiran sunan autanmu da ƙarfi, kukan da ta riƙe wata biyar. Ba su daina kiɗan ba, don kada maƙwabta su ji, suka kewaye ta har ta gama. Ranar ce ta fara cin tuwo ta cinye. Gwaggo ta dube ni ta ce, “Ɗiyata, ke kinka ce ta manta da shi. Wallahi nan ne kaɗai take iya tuna shi ba ta shiɗe ba.”

Na so in ce a nan na gyara kuskurena, amma ba haka aka yi ba. Maganar ta shige ni, na yi kuka bayan tafiyarta, amma girman kai bai sake ni ba. Na riƙa tunanin yadda zan koma gaban matan da na ci wa fuska, da abin da zan gaya wa ƙanena da mijina bayan na cika su da hujjoji. Na ce a raina bari a gama jarrabawa, idan an yi hutu sai in mayar da ita gida ta kwana biyu, abin ya zo kamar ba shiri. Saura kwana tara a yi hutun, ina cikin aji aka kira ni a waya. Babbar 'yata ce ta dawo daga makaranta ta tarar da Inna a ƙasa kusa da ƙofar banɗaki. Jini ya hau mata, ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya karkace. Ban ce ni na jawo mata ciwon ba, Allah ne ya san wannan. Amma na san halin da na sa ta a ciki kafin ya same ta.

Da aka sallame mu daga asibiti ban kai ta gidana ba, na wuce da ita Gawon Nama, na ɗauki hutu na zauna tare da ita. Ranar Alhamis ta farko na tura ta a keken marasa lafiya har gidan Gwaggo. Na shiga kaina a ƙasa, na shirya kalmomin ban haƙuri, amma babu wadda ta bari na faɗe su. Suka matsa mana wuri kawai, wata ta gyara wa Inna filo a baya, aka ci gaba da kiɗa. Na zauna a gefenta ina kallon hannunta na hagu a kan cinyarta. An daɗe kafin yatsunta su fara motsi, suna bin ƙwaryar. Daga nan kafaɗarta ɗaya ta ɗan ɗaga. Iyakar rawar da ta rage mata ke nan. Matan suka zo suna juyi a gabanta ɗaya bayan ɗaya, kowace ta kama hannun nan mai lafiya ta kaɗa shi, hawaye yana bin gefen fuskarta da ya mutu da wanda bai mutu ba.

A hanyar komawa na tsayar da keken a cikin lungu na durƙusa a gabanta, na ce ta yafe mini. Maganarta ba ta fita sosai, sai da ta maimaita sau uku na gane. Cewa take yi in gyara mayafina, yana jan ƙasa. Ban sani ba ko ta ji abin da na roƙa, ko kuwa ta ji ta ga ba sai an yi maganar ba. Ta yi wata huɗu a haka, ban bari Alhamis ɗaya ta wuce mu ba. Ta rasu wata safiyar Litinin, ina ba ta kunu.

Bayan rasuwarta abin da ya same ta ya same ni. Ina zuwa aiki, ina dafa abinci, amma kamar wata ce ke yi ina kallonta. Na daina jin ɗanɗanon komai. Mijina ya kai ni wurin likitar nan dai, na gaya mata gaskiyar da na ɓoye a zuwanmu na farko, ta saurare ni ba ta zarge ni ba, ta ba ni magani. Gwaggo kuma ta yi ta aiko mini har na je. Sati shida ina zama a gefe da jakata a kan cinya. Ranar da na miƙe ban san yadda aka yi ba, ƙafafuna ne suka riga ni. Ban iya rawa ba, ban taɓa iyawa ba, kuma babu wadda ta kula. Na yi ta buga ƙasa har gwiwoyina suka gaza, kuma a nan ne na fara yi wa autanmu da mahaifiyata kuka na gaske. Yau shekara uku ke nan, ina shan maganina, ina salla ina yi musu addu'a, kuma ina zuwa gidan nan duk sati. Na samu sauƙi, amma sauƙin yana zuwa mini da ciwo, don duk lokacin da na ji nauyin ƙirjina ya ragu nakan tuna cewa wannan ne na ƙwace wa Inna.

Abin da na koya shi ne, shirun mai baƙin ciki ba kullum ne haƙuri ba, wani lokaci nutsewa ce, mu kuma muna tsaye muna yaba masa. Na koyi cewa ɗaki mai kyau da abinci da nasiha ba sa maye gurbin mutanen da za ka saki jiki a cikinsu ba tare da an auna ka ba. Ban rubuto don in ce kowa ya tashi ya yi rawa ba, kuma ban ce a bar asibiti ko addu'a ba. Kowa da abin da ke ɗaga shi. Na wani hira ce a ƙofar gida, na wani zuwa gona, na mahaifiyata ƙwarya ce a cikin baho da mata goma sha biyar a bayan rufaffiyar ƙofa.

Ina roƙon masu karatu, musamman mu da muka yi boko muke ganin mun fi iyayenmu sanin daidai, idan kuka ga wani naku da ya daɗe cikin ƙunci ya samu abin da ya sa ya fara cin abinci yana dariya, kada abin da mutane za su ce ya zama farkon tunaninku. Waɗanda suka yi dariya a ɗakin malamai sun manta da bidiyon kafin sati ya zagayo, wasunsu ma sun zo mini gaisuwar rasuwa ba su tuna sun taɓa ganin fuskarta ba. Kuma don Allah a daina ɗaukar mutane a waya a lokacin da suka saki jiki. Kafin ku hana, ku zauna ku tambaya me abin yake yi masa, ku saurari amsar har ƙarshe. Tambaya ɗaya ce da ba za ta ɗauke ni minti biyar ba. Ban yi ta ba, kuma yanzu wadda zan yi wa ita ba ta nan.